Rabin Miskali a Idona

Ni fa hadda ba ta taɓa ba ni wuya ba. A Kalgo, tun ina saurayi, in aka karanta shafi sau biyu a gabana na ɗauke shi ke nan. Lissafi ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. Tarawa ina yi da yatsu, amma da zarar an ce rubu'in kaza ko sudusin kaza, sai kaina ya ɗau zafi, in ji kamar an toshe mini kunne da auduga.

Bayan zuwan Nasara da 'yan shekaru, na bar amaryata wurin gyatumata na tafi Gwandu karatun magani. Malamin da na zauna gabansa masani ne, wannan ko ni da nake jin haushinsa har gobe ba zan hana shi ba. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, ba ya duka. Wallahi da duka yake yi da ya fi mini. Yana da ma'auni ƙarami na tagulla, yana awo da miskali da ƙwayar alkama, kuma yana da doka guda wadda kowa ya sani tun ranar da ya zo: duk wanda ya haɗa magani, a jikinsa za a fara gwadawa.

Wajen karatun littafi ba mai kama ƙafata. Na san abin da ke sanyaya jiki da abin da ke ɗumama shi, na san kanwa da farar wuta da halin kowanne. In an zo awo kuwa, sai in laɓe bayan wani abokina ɗan garin Malisa, ya yi lissafin, ni in yi niƙa. Malam yana gani. Sai dai ya kira ni da laƙabin da ya sa mini, ya ce, "Bakabe, kai ma'ajin karatu ne, rumbu ba ya cin hatsin da ke cikinsa." A yi dariya, ni ma in yaƙe haƙora.

Ran nan da hantsi muka kai babin ciwon ido. Haɗin yana kaina tsaf: tozali miskali ashirin, sai rabin miskali na sinadari, wani farin gishiri mai cizo da fatake ke kawowa daga arewa. Malam ya turo ma'aunin gabana, ya ɗebo tozali miskali biyu kacal.

"Haɗa muna," in ji shi. Ya dubi ɗan Malisa ya ce, "Kai kuma koma can bakin ƙofa."

To, me zan yi? Na san tozalin ya ragu. Raina ya ba ni cewa sinadarin ma ya kamata ya ragu, amma da nawa? Na lanƙwasa yatsu, na miƙe su, babu abin da ya fito. Sai na kama abin da na iya. Littafi ya ce rabin miskali, malaman da suka rubuta sun fi ni, wa ya aike ni in taɓa maganarsu? Na auna rabin miskali cif, na zuba, na niƙa har ya yi laushi. Ashe ninki goma na zuba.

Yana kallon hannuna tun daga farko har ƙarshe. Da na gama sai ya tambaye ni.

"Ka gamsu da haɗinka?"

"Haka littafi ya ce, Allah gafarta Malam."

"Madalla. Wane ido ka fi so?"

Na ɗauka zolaya ce. Ya miƙo mini tsinken tozali. Ɗan Malisa yana ta girgiza mini kai daga bakin ƙofa, amma girman kai ya hana ni ajiyewa. Na dangwala sosai, na ja a idon dama.

Wayyo Allah! Kamar an zuba mini garwashi. Na zabura zan nufi randa, sai na ji muryarsa a sanyaye: "Zauna. Ba mai ba shi ruwa sai ya gaya mini ushirin rabi, wato ɗaya bisa goma na rabi."

"Malam, idona!"

"Idon wani za ka zuba wa gobe. Ushirin rabi nawa ne?"

Hawaye na kwarara, majina na zuba, ni magidanci ina birgima a kan tabarma gaban yara. Na ce rubu'i. Ya ce a'a. Na ce sumuni. Ya ce a'a. Don ruɗewa sai na hau karanto masa babin da ka, tun daga bisimilla, wai ko zai ji tausayi. Ya bar ni na kai aya, ya ce karatu ya yi kyau, saura amsa. Wasu suka tuntsire da dariya. Ɗan Malisa ne ya kasa jurewa, ya fizgo buta ya kwara mini, aka kore shi daga zauren saboda haka.

Idon ya kumbura, ya yi ruwa, ya yi ɗiwa. Malam da kansa ya yi jinyarsa, da haɗi mai kyau, awo daidai, ko sannu bai taɓa ce mini ba. Da kumburin ya saɓe sai ga farin tabo ya rufe baƙin. Na tsane shi a ranar, kuma ban daina ba.

Na koma Kalgo na kama noma da ɗan rubutu. Matata ta yi kuka ta gaji, ta saba. Na ce shi ke nan, an rabu.

Ina aka rabu! Da kaka sai ga samari biyu da sallama a ƙofar gida, sun sha tafiya, ƙafafu futu-futu. Na shimfiɗa musu tabarma, aka kawo fura. Suna sha suna satar kallon fuskata, ɓangaren dama. Na ce lafiya? Babban ya sunkuyar da kai.

"Baba, Malam ne ya aiko mu. Ya ce duk wanda zai fara babin awo, sai ya zo Kalgo ya gaishe ka tukuna, ya duba da kyau."

Na so in kore su da sanda. Amma baƙi ne, kuma aike aka yi. Na matso cikin rana, na sa yatsa na buɗe musu fatar idon. Haka aka yi ta turo su kowace shekara har Malam ya mutu.