Yadda Injin Wuta Ya Tona Mini Asiri

Shekaru da dama baya, ba a daɗe da samun ƴancin kai ba, ina ƙaramin ma'aikaci a wani biro, wato ofis, a Tawa. Akwai wata madatsar ruwa can bayan gari, inda mu samari muke zuwa kowace Lahadi bayan azahar. Mu shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bagaruwa, a ɗora shayi, masu iyo su faɗa ruwa.

Ni ban iya iyo ba. A ƙauyenmu wajen Barmou, ruwan rijiya kaɗai na sani. Amma wata rana ina wanka a gefe sai ƙafata ta taka wani tudun duwatsu a ƙarƙashin ruwa, wanda ya miƙe har kusan tsakiya. Na bi shi a hankali, ruwa iya wuya, ina kaɗa hannuwa. Sai na ji ana tafi daga bakin gaɓa. Tun ranar na zama gwani. Ban taɓa cewa na iya ba, amma kuma ban musa ba.

Ana nan sai abokina, wanda muke ɗaki ɗaya, ya zo mini da albishir: nan da wata biyu za a yi gasar iyo tsakanin ma'aikatan biro da malaman lakwal, wato makarantar boko, kuma ya riga ya ba da sunana.

"Kai muka dogara da kai, aboki," in ji shi. "Daga wancan gefen mai zurhi za a hwara."

Daga ranar na shiga ƙirga kwanaki, ina neman mafita.

A tsakanin nan aka kawo sabon injin wuta, aka ja tiyo daga madatsar ana zuƙar ruwa don sanyaya shi. Kowane mako ruwa sai ya ja baya. Muka bar inuwar bagaruwa muna jan tabarmi cikin taɓo, muna bin sa. Kowa na ƙorafi. Ni na fi kowa ɗaga murya, a zuci kuwa addu'a nake Allah ya ƙara wa injin lafiya.

Abin da ban lissafa ba shi ne tudun nan. Wata Lahadi muka iso, ga shi ya fito fili, kamar hanyar da aka gina. Abokina ya dube shi, ya dube ni. Ya naɗe wando ya hau duwatsun, yana tafiya a hankali, yana kaɗa hannuwa a iska, wuya a miƙe. Mutane har faɗuwa suke don dariya. Na rasa inda zan sa kaina, ƙarshe ni ma na bi su da dariyar.

Gasar dai aka fasa, tunda ruwa bai kai ba. A ɗan abin da ya rage, iya ƙugu, abokina ya koya mini iyo. Na sha ruwan laka ba kaɗan ba.

"Da an yi gasar nan hwa?" ya tambaye ni wata rana, ba ya dariya. "Da ka shiga?"

Na ce da na shiga. Ya daɗe bai yi magana ba.

Wannan shirun nasa ya fi dariyar zama mini a rai, don na gane kunya kaɗai ta kusa kai ni lahira. Shi ya sa yau, ko ɗaurin akuya aka ce in yi, sai na fara faɗin iyakar abin da na iya. Matata tana cewa na cika tsoro. Ina barin ta ta faɗa.