Kunun Ya Yi Kauri

Duk wanda ya ce maka Malam Gali mugu ne, ka ce masa ni Isyaku na ce ƙarya yake yi. Wanda kuma ya ce maka waliyyi ne, shi ma surutu kawai yake. Shekara bakwai muna aiki a rumfa ɗaya a Challawa, shi a wajen kwaɓi, ni a kan injin naɗe takarda. A Panshekara kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu, har tarinsa na sani.

Mutumin ƙasar Ringim ne. Mahaifiyarsa mai ƙuli-ƙuli ce, don haka a gindin turmi ya buɗe ido, kuma da ƙanshin suyar gyaɗa ya girma. Da ya shigo Kano sai ya fara da dakon buhuna a wani kamfanin man gyaɗa a Bompai. A nan aka gane yana da hanci. Sai ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya murza, ya kai hanci, ya ce wannan buhun ya sha ruwa a rumbu. A farke buhun, a tarar da fumfuna a tsakiya. Da aka buɗe sabon kamfani a Challawa a shekarar 1976, hancin nan ne ya samo masa aiki, ba takarda ba, domin ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba.

Abin da muke yi wata alawa ce doguwa, ta ɗan fi yatsa tsawo, a naɗe cikin jar takarda. Sunanta Gina-Jiki. Iri uku ce: mai citta, mai kwakwa, da mai cakulan, kowace sule ɗaya. A bayan takardar an jera kayan haɗi: soyayyar gyaɗa, garin madara, garin waken soya, sukari, zuma, da ɗan gishiri. A ƙasa kuma an rubuta cewa kowace guda tana da furotin giram tara. Ni na karanta wa Gali wannan, sau ɗaya tak, ya haddace. Daga nan fa muka shiga uku, don ko gaisawa ka tsaya yi da shi sai ya biya maka giram tara.

Gaskiya kuma a lokacin abin da ke takarda shi ke cikin tukunya. Kowane kwaɓi buhu shida na gyaɗa ne, biyu na madara, ɗaya na soya. Idan yaran sito suka kawo gyaɗar da ba ta yi masa ba, mayar musu yake yi, su yi ta ƙunƙuni. Ranar Juma'a ana sayar wa ma'aikata alawar da ta kakkarye da arha, shi kuwa sai ya cika aljihun babbar riga ya bi layinmu yana rabo kamar mai neman ƙuri'a.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin unguwarmu, Sista Atika. Mace ce mai tsare gida, ba ta yarda da abin da aka rubuta don kawai an rubuta. Wata rana ta yi sallama a ƙofar Gali da jar takardar a hannunta.

Ta ce, "Malam, an ce ku ke kwaɓa wannan. Abin da aka jera a nan, da gaske yana ciki?"

Gali ya ce, "Sista, da hannun nan nake zubawa."

"Yaran da aka yaye nake so in ba, da waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Iyayensu ba su da halin ƙwai da nama kullum. Idan akwai wasa a ciki, ku faɗa mini yanzu."

"Ranar da aka sa wasa a ciki, ni zan fara zuwa in faɗa miki."

Da kunnena na ji wannan magana, ina zaune a kan dakalina.

Daga ranar Sista Atika ta riƙa gaya wa iyaye mata su marmasa rabin Gina-Jiki a kunun yaro safe da yamma. Abu ya bi gida-gida har Zawaciki. Matan nan ba su san giram ba, ba ruwansu da furotin. Sun san dai Malam Gali na layin masallaci ne ke kwaɓawa, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Yara suka yi ta murmurewa, Gali ya yi ta baza riga.

Sai shekarar 1983 ta zo da tsuke bakin aljihu. Madara ta daina isowa, gyaɗa ta yi tsadar da ba a magana, kamfanoni suka shiga sallamar mutane. Litinin ɗin farko bayan ƙaramar salla, yaran sito suka turo wa Gali kayan kwaɓi: buhu ɗaya na gyaɗa, bakwai na garin rogo, sai wata 'yar jarka. Ya buɗe jarkar ya kai hanci, na ga ya ja da baya. Ruwan ƙanshi ne. Cokali biyu za ka zuba, rumfar gaba ɗaya ta ɗauki ƙanshin gyaɗa, alhali babu gyaɗar. Madara ko cokali babu. Takardar naɗi kuwa ita ce dai ta da, giram tara da komai, kuma ni ne mai ɗora ta a inji.

Gali ya goge hannu ya nufi ofishin manaja, Alhaji Sanusi. Ya ja ni, wai in riƙe takardar in an zo wajen karatu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, an yi kuskure a sito. Rogo aka kawo mini."

Alhaji Sanusi ko kai bai ɗago ba. Ya ce, "Ba kuskure ba ne. Sabon haɗi ne, na ɗan lokaci, kafin kaya su iso."

"To a sake takarda, ranka ya daɗe. Rogo ba ya gina jiki. Yara ake ba abin nan."

A nan ne ya ajiye biro, ya yi murmushin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ya ce, "Gali, Gina-Jiki suna ne, ba rantsuwa ba ce. Maigadinmu sunansa Maikuɗi. Ka taɓa zuwa ka ce ya nuna maka kuɗin?"

Ka ji fa! Mutum da karatunsa, da carbinsa a hannu, ya zauna ya ƙera wannan magana, har yana jin daɗin kansa. Sannan ya nuna taga da baki, ya ce Gali ya leƙa ya ga mutum nawa ke tsaye a bakin ƙofa suna neman aikin kwaɓi. Muka leƙa. Sun fi hamsin, a rana.

Gali yana da baki tara a gida. A hanyar komawa rumfa ya ce mini, "Wata ɗaya ne, Isyaku. In madara ba ta zo ba, zan je wajen Sista." Na ce haka ne, Yaya Gali. Me zan ce, ni da nake tsoron kada a taɓa nawa injin? Wata ɗaya ya wuce. Abin da ya iya yi kawai shi ne ya daina sayen kakkaryayyun ranar Juma'a, ya kuma sauya hanya don kada ya bi ta gaban asibiti. A ganinsa tunda ba da hannunsa ya miƙa ba, da sauƙi. Masu tebur kuwa suna nan a kowace kwana, jar takarda jere reras.

Abin da ba wanda ya yi tunaninsa shi ne halin rogo a ruwan zafi. Tsohuwar Gina-Jiki in an marmasa ta a kunu narkewa take yi, maiƙo ya taso sama. Sabuwar kuwa kama kunun take yi, ya yi kauri kirtif. A wurin matanmu kuma kunu mai kauri shi ne kunu mai ƙarfi, haka suka gada. Sai ga shi ana tare Gali a hanya ana sa masa albarka.

"Malam Gali, sannunku da aiki! Wannan sabuwar ai ta fi ta da. Rabi kawai za ka sa, ludayi ya tsaya!"

Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "To, madalla." Wasu har suka daina sa ɗan ƙuli-ƙulin da suke dakawa a kunu, wai ya zama ɓarna tunda ga mai ƙarfi ta samu. Ina ji, ina gani, da safe kuma in je in ɗora takarda. Idan ana rabon laifi a wannan labari, a ajiye mini kasona.

A ƙarshen layinmu akwai Bara'atu. An sallami mijinta daga kamfanin fata, ya tafi kudu neman abin yi, ya bar ta da sana'ar kitso da 'yarsu Yelwa, wadda ba a daɗe da yaye ta ba ƙyanda ta kama ta. Yarinyar ta tashi a rame. Bara'atu ta bi abin da kowa ke yi, har ta zarce: ƙwai ɗaya da take saya mata ranar kasuwa ta bari, ta mayar da kuɗin kan Gina-Jiki biyu kullum.

Wata ranar Laraba bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida, sai ga ta da Yelwa a goye, da kwanon dambu a hannu. Ta durƙusa ta gaishe mu, fuskarta fal murna.

Ta ce, "Baba Gali, godiya na zo yi. Ku dubi 'yarku. Ku dubi kumatu, ku dubi ƙafa! Wata biyu da suka wuce ƙashi ce zalla."

Ta kwance goyon ta miƙa masa. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi dariya ba, kallonsa kawai take yi. Gashin kanta ya yi ja, ya yi laushi. Gali ya sa babban yatsa ya danna bayan ƙafarta, ya ɗaga. Ramin ya zauna, bai ciko ba. Ya taɓa ganin irin wannan a ƙauyensu shekarar fari, ya san ba ƙiba ba ce. Kumburin tamowa ne.

Ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya rungumi yarinyar ya kama gudu, dattijo mai furfura, Bara'atu na binsa tana tambayar lafiya, ni ina bin su da takalmansa a hannu. A gaban Sista Atika ya zazzage komai: buhu ɗaya na gyaɗa, bakwai na rogo, sukari, ruwan ƙanshi, babu madara, babu soya. Ta rubuta. Ba ta zage shi ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Yara goma sha ɗaya na gani da kumburi a watan nan, Malam, ina ta neman dalili a ruwan rijiya." Nan take ta sa aka nemo mota aka wuce da Yelwa babban asibiti a cikin gari.

Washegari bayan an sallame sallar la'asar Gali ya miƙe a masallaci ya ce jama'a su dakata. Ya ce kowa ya je ya gaya wa iyalinsa a daina ba yara Gina-Jiki, rogo ce da turare, kuma shi ya kwaɓa. Masallaci ya kaure. Wani ya ce a kai ƙara, wani ya ce ai shi ya kamata a fara kamawa. Da ya waiwayo yana neman mai shaida, ni Isyaku sai na tsunduma cikin lazimi, ido a rufe. Ranar Litinin aka ba shi takardar sallama, wai ya tona asirin kamfani. Ashe rogo ma asiri ne. Kamfanin ya ci gaba da naɗe abinsa shekara biyu cur kafin ya rufe don kansa, Alhaji Sanusi ya koma wani ofis a Sharada da sabuwar mota.

Gali ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, yana sayar da ɗanyar gyaɗa a bakin titin Panshekara. Kafin ya auna maka sai ya juye kwanon a faifai, ya tsince maka marasa kyau a gabanka, ko kana sauri. Kasuwar ba ta taɓa yi masa kirki ba. Bai taɓa yi mini maganar masallaci ba, ni ma ban taɓa samun bakin da zan tayar da ita ba.

Ita kuwa Yelwa, a wancan lokacin kwana tara ta yi a asibiti, ta cika. Ranar sadakar uku muka je gaisuwa, muka tsaya a zaure. Bara'atu ta aiko a ce Baba Gali ya matso bakin ƙofa. Muryarta a dashe take, amma ba kuka take yi ba.

Ta ce, "Baba, na ji abin da kuka yi a masallaci, Allah ya saka. Tambaya ɗaya gare ni. Yaushe aka sauya haɗin?"

Da ya ce bai daɗe da sani ba, babu mai ƙaryata shi, ni dai ba zan yi ba.

Ya ce, "Bayan ƙaramar salla."

Ta cikin labule na hango tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, har hannun ya dunƙule.

Ta ce, "Wata biyar ke nan, Baba. Kullum da safe ta ƙofarku nake wucewa in sayo mata, kuna amsa gaisuwata."