Ɗakin Inna da Tef Biyu

Ƙanena mai yanka gilashi ne. Tun yana yaro haka yake: magana ɗaya sai ya auna ta sau uku kafin ya furta, shi ya sa a gida muke kiransa Sannu-sannu. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tebur mai shimfiɗar tsohon bargo, abin yanka a aljihun gaba, yatsu duk tabo. Ni kuwa tela ne, na girme shi da shekara shida, kuma zan faɗi gaskiya: ban taɓa jin daɗin yadda komai ke zo masa a miƙe ba.

Da Baba ya rasu aka raba gida biyu, aka ja katanga a tsakiya. Inna ta koma wurin yayarmu, ta ce duk wanda ya fara gina mata ɗaki a ɓangarensa, wurinsa za ta zauna. Ni ne babba a maza. A ganina maganar ta ƙare tun ba a fara ta ba.

Rana ɗaya muka je ofishin tsara gari neman izinin gini, muka zauna benci ɗaya ƙarƙashin fanka da ba ta juyawa. Aka ce kowa ya auno filinsa ya kai wa mai zane. Na auna nawa cikin minti goma. Shi ya wuni yana jan tef, yana rubutawa a bayan kwali, har na leƙa ta katanga na ce masa ko kabari yake haƙa.

Bayan sati biyu takardarsa ta fito da hatimi. Tawa ta dawo da jan biro. Na sake kaiwa, ta sake dawowa. Abin ya tsaya mini a wuya. Duk wanda ya kawo ɗinki sai na gaya masa ai Sannu-sannu yana da mutum a ciki. Ina jin tifa tana sauke masa yashi, ni ina taka keke kamar zan karya shi.

Karo na uku na tsare ma'aikaciyar da ke karɓar takardu.

"Hajiya, me ƙanena ya ba ku wanda ni ban bayar ba?"

Ta juyo da zanen gabana. "Malam, ɗakinka ya hau kan kwata da ƙafa guda. Wa ya yi maka awo?"

"Ni da kaina."

"To ya aka yi kowane gefe ya fi na takardar fili?"

Sai na sake duba awon, na gane. Shekara ashirin ban taɓa rubuta awo yadda tef ya nuna ba. Dole in bar rara saboda ɗinki. A yadi inci biyu nake ƙarawa. Fili da na ga ya fi yadi girma, sai na ƙara masa ƙafa guda ta ko'ina, don kada ɗakin ya matse Inna.

Kafin gyararren zanena ya fito, shi har ya yi rufi, ya sa taga mai faɗi da gilashin da ya yanka da hannunsa. Ɗakin ya yi kyau, kuma hakan ya fi komai ƙona mini rai.

Ranar da Inna ta tare, ni na ɗauko mata katifa a ka. Ta dafa ni ta ce, "Ai duk gida ɗaya ne, Babba."

Ba ɗaya ba ne. Yanzu kullum da safe sai na fita titi, na zagaya, na yi sallama a ƙofar ƙanena, na tsaya har matarsa ta ce in shigo in gaida uwata.