Ɗorawar Iya da Ciwon Ɗamara

Abin da na fara gani da ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin ƙauyen su Iya shi ne bishiyoyi sun sha ɗamara. Kowace an zagaye gindinta da wani farin zobe daidai ƙugun babban mutum, an sassaƙe ɓawon har naman itacen ya fito. Wasu zoben ya yi baƙi, ganyensu ya zube tas. Wasu kuwa sabo ne, ƙaro na tsattsafowa, tururuwa suna bi a layi.

Ina aji uku na ƙaramar sakandare a Ƙaraye a lokacin. Hutun bazara ne, Umma ta sa ni a mota zuwa Rogo, daga can na hau babur zuwa wajen Gwangwan, in taya kakata aikin daddawa. Iya ita ce ta haifi Umma, kuma sunan Iya aka sa mini, shi ya sa take ce mini takwara. Kawu kuwa, ɗanta na fari, ba ya iya kiran sunan, sai dai ya ce uwata.

Bayan na gaishe ta na sha ruwa, na daɗe ina juya tambayar a raina kafin ta fito.

"Iya, me ya sami bishiyoyin garin nan?"

"Ciwo ne, takwara. Ciwon ɗamara."

"Bishiya tana ciwo?"

"Wannan ma annoba ce. Ba ta kama ƙanana, sai masu kauri. Kuma ta fi son na kusa da hanyar mota."

Ta faɗa ba ta ko yi murmushi ba, tana tura itace a murhu. Kalwa ce a babbar tukunya, ƙwayar ɗorawar da ake daddawa da ita, kuma ba ta nuna sai ta wuni ta kwana a kan wuta. Na kalli itacen da take turawa. Reshen ɗorawa ne, na gane shi da jan cikinsa.

Sai a kwanakin da suka biyo na haɗa labarin. Tunda iskar gas ta yi tsada, mutanen birni suka koma wa gawayi, manyan motoci suka koyi hanyar ƙauyen. Samarin da a da suke tafiya cirani da rani sun zauna a gida. An kafa ƙungiyar masu gawayi, an gyara rufin makarantar allo, an haƙa rijiyar burtsatse, babura sun yi yawa har kaji sun daina firgita. Takalmin makarantar da ke ƙafata ma Kawu ne ya aiko mini, kuma na san daga inda ya fito.

Da ƙirya da marke suka ƙare a daji, aka juyo kan kaɗanya, dattawa suka tsorata. Aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa aka yanke doka mai kyau: kada wanda ya ƙara sare ɗanyar bishiya, sai wadda ta bushe da kanta. Aka naɗa kwamitin da zai duba ya tabbatar, aka ba Kawu shugabanci saboda shi ne mai bakin magana, kuma shi ne shugaban masu gawayin, sai aka ga ba sai an wahalar da mutum biyu ba. Tun daga ranar ba a ƙara sare ɗanyar bishiya a garin ba. Bishiyoyin ne kawai suka shiga mutuwa.

Na taɓa ganin aikin kwamitin da idona. Ina dawowa daga ɗiban ruwa na same su a gindin wata kaɗanya mai baƙar ɗamara, na raɓe jikin danga. Kawu ya zagaya ta a hankali, hannuwansa a baya. Ya ƙwanƙwasa gindin da ƙotar gatari, ya kara kunne, ya ɗaga kai ya kalli rassan.

"Ta bushe," ya ce. "Ikon Allah."

"Allah sarki, bara war haka lafiyarta ƙalau," in ji mai gonar, wani dogon mutum da ya riga ya zo da injin yanka a bayan babur.

"Haka rayuwa take. Kai dai ka dasa biyu a madadinta."

"Na dasa, ranka ya daɗe. Akuyarka ce ta cinye."

Suka yi dariya har da tafawa. Ba wanda ya kalli ɗamarar. Mutum huɗu ne a tsaye, idon kowa yana sama ko yana ƙasa, kamar yadda ake yi in babba ya yi tuntuɓe a gaban jama'a.

Ranar da muka je kaɗar ɗorawa ne abin ya zo gida. Gonar ta Kawu ce, ya gada a wajen mahaifinsa, amma ɗorawar da ke tsakiyarta ta Iya ce. Surukarta ce ta ba ta tun tana amarya, kuma kowa a garin ya san haka: ƙasa ta namiji, abin da ke rataye a sama na tsohuwa. Da ita take daddawar da ake saye ranar kasuwa, da ita take sabulu da goro da biki ba ta roƙi kowa ba. Bishiya ce mai faɗi, kana hango ta tun daga masallacin idi.

Iya ta miƙa mini doguwar gorar kaɗa, ita ta tsaya a gindi. Sai na ga ba sama take kallo ba. Na zagayo. Ɗamarar tana nan, sabuwa, ja kamar nama. Amma ba ta haɗe ba. Ta ɓangaren gabas an bar ɓawo mai faɗin kamar kamu biyu, shi kaɗai ya haɗa sama da ƙasa.

"Ta kamu," in ji Iya.

"Za ta mutu?"

"In ɗamarar ta haɗe. Ta nan take shan ruwa yanzu." Ta dafa ɓawon da ya rage. "Mai ciwon yana da kunya, kin ga bai ƙarasa ba."

Ta aike ni na samo kashin shanu, ta kwaɓa da laka, muka shafe raunin da hannu. Tana shafawa a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Da muka gama ta goge hannu da ciyawa, ta ce in kaɗa da kyau kada in karya mata rassa.

Ni ba na iya magana a gaban mutane. A makaranta ina cikin ƙungiyar dashen itatuwa, amma aikina riƙe bokiti ne. Abin da na iya shi ne kallo. Don haka na kalla. Na ga Kawu yana fita gona bayan asuba alhali ba a fara shuka ba. Na ga gatarinsa a jingine a zaure, bakinsa da jan danƙo. Wata safiya ina shara na tsinci guntun ɓawo a inda yake ajiye babur, da lakarmu a jiki, har da sawun yatsun Iya. Duk lokacin da muka koma gona, sai in auna abin da ya rage da hannuna. Daga kamu biyu ya koma ɗaya da rabi, daga nan ɗaya. Ciwon yana ci kaɗan-kaɗan, kamar mai gutsurar tuwon da ba nasa ba.

Na kai wa Iya guntun ɓawon. Ta juya shi a hannu, ta jefa a murhu.

"Iya, ki yi masa magana mana."

"Wa?"

"Kawu."

"Ke, rufa mini asiri. Ni da ko sunansa ban taɓa kira ba, yanzu da furfurata zan tsaya in yi ciniki da shi a kan itace?"

Haka ne kuwa. Ɗan fari ne, tsakaninsu sai gaisuwa, shi a tsugune a bakin ƙofa, ita tana amsawa tana kallon bango. In tana son wani abu a wajensa, sai ta faɗa wa kaza ko tukunya da ƙarfi yadda zai ji. Washegari da ya zo gaisuwa na ji ta tana yi wa tukunyar kalwa faɗa.

"Ke ma ki ci wutarki ta bana ki more. Baɗi sai dai a dafa tsakuwa a cikinki."

"Iya, an tashi lafiya?" in ji Kawu daga ƙofa.

"Lafiya lau."

"Na sa yara su kawo miki itace. Busasshe ne mai kyau, ɗorawar gidan liman ce ta rasu."

"Allah ya yi albarka," ta ce wa bango.

Kuma ta karɓi itacen. Da shi muka dafa kalwar makon.

Ban ɗauki Kawu mugu ba, har yanzu ma. Na ji shi a zaure yana yi wa abokansa bayani. Mai motar gawayi ya ce in ba a cika masa ita a kowane zuwa ba, zai koma Ruwan Bago, can ma suna da daji. In ya koma, samari za su watse. Ga shi kowa ya ba da tasa bishiyar, ana ta yi masa habaici cewa ciwon ɗamara ya san gonar shugaba yana tsallakewa. Ga inuwar ɗorawar tana hana masara yi. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya ƙare da cewa daji arziki ne, in aka bi doka ba zai taɓa ƙarewa ba, suka ce ƙwarai kuwa.

Ana jibi zan tafi, ɓawon ya koma faɗin tafin hannuna. Na ɗora hannun a kai, ya rufe shi daidai, ba ragi. Ganyen ɓangaren yamma ya fara rawaya. Iya ba ta kwaɓa laka ba ranar. Ta tsince ɗorawar da ta faɗo, har da waɗanda tsutsa ta ci, ta ɗaure a zani.

Ranar komawata Kawu ya ce ba zan hau acaɓa ba, shi zai kai ni Rogo da kansa, ai uwarsa ce ni. Iya ta ƙulle mini daddawa a leda in kai wa Umma, ta ce in gaya mata ta riƙa tsimi. Muka bi ta gefen wajen ƙona gawayi, inda ake jera gungume a rufe da ciyawa da ƙasa a bar wuta tana ci a ciki. Tudun ƙasa ne bakwai ko takwas suna hayaƙi a hankali, buhuna a jere a bakin hanya an toshe bakinsu da ganye. Samari suka ɗaga wa shugaba hannu. Daga nan hanya ta bi ta bayan gonarsa, ya ƙara wa babur wuta.

A tashar Rogo ya sama mini wuri kusa da taga, ya saya mini rake da ruwan leda, ya tsaya yana yi wa direba kashedin gudu. Sannan ya leƙo.

"To uwata, kin yi mana hutu ba ki ce uffan ba. Faɗi abin da kike so. Jaka? Littattafai? Duk abin da uwa ta ce, ɗa ba ya musu."

Fasinjoji suka juyo suna murmushi. Na kalli ledar daddawar da ke cinyata, na kalli takalmina. Direba ya tayar da mota. Sai na fito da hannuna ta taga, na buɗe tafin a gabansa.

"Kawu, ɓawon da ya rage a ɗorawar Iya kamar wannan ne. Shi nake so ka ba ni. In ciwon ya dawo, ka ce masa wurin na uwarka ne."