Ƙofar Ɗakin Babur

Shekara bakwai babur ɗin Baba ya yi a ɗakin ajiya na gidanmu da ke Ƙofar Jatau, jingine da buhunan masara. Irin dogon nan ne na malaman gona, mai tayoyi masu haƙora, wanda ba ruwansa da laka ko kwazazzabo. Da shi Baba ya yi yawon ƙauyuka har ya yi ritaya, da shi kuma ya faɗi wata damina a hanyar Wusasa, ƙafarsa ta hagu ta karye. Wata uku Inna ta yi tana jinyarsa a asibiti. Ranar da aka sallamo shi aka tura babur ɗaki, ta ce muddin tana numfashi ba zai sake hawansa ba.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunana, "kai" kawai take ce mini. A lokacin ina koyarwa, na yi aure, amma muna gida ɗaya. Wata Asabar da hantsi Baba ya kira ni.

"Zo ka duba mini abin nan. Na gaji da zaman zaure kamar tulu. Gonata nake so in gani kafin a yi girbi."

Na tuna maganar Inna, amma ina goyon bayansa. Yana ƙona mini rai in ga mutumin da ya san kowace hanyar ƙauye yana jiran wanda zai rage masa hanya.

Na zuba fetur a tanki, na buɗe makullin mai. Kafin in miƙe, kafireta, 'yar tukunyar da ke ba inji mai, ta fara ɗiga, sannan ta koma tsiyaya, wari ya cika ɗaki. Baba na zaune a kan kujera, yana nuni da sandarsa.

"Kwance notin ƙasa. Ba wannan ba! Kai da alli kaɗai ka iya riƙewa?"

"To Baba, ko za ka karɓa ne?"

Ya yi tsaki, na ci gaba da kwancewa ina huci. Wurinsa na gado zuciya, kowa ya sani.

Ina jiran Inna ta zo ta tayar da ƙura. Sai ga ta da farantin tangaran, ta ajiye a gabana don kada ƙananan notoci su ɓace a ƙasa. Ta koma ta kawo kananzir a gwangwani. Har garwashin murhunta ta kashe saboda warin mai. Ni da Baba muka kalli juna.

Tsohon man da aka bari a ciki ya daskare kamar ƙaro. Akwai wata 'yar allura da ke toshe hanyar mai idan kafireta ta cika, ita ce ta manne, ta ƙi rufewa. Na jiƙa ta, na goge, na hura, na mayar. Muka buɗe mai, ɗiga ta dawo, wannan karon ta gefe, don fakin da ke tsakanin murfi da jiki ya ruɓe. Inna mai ɗinkin hula ce. Ta karɓi murfin, ta ɗora a kan kwalin sukari, ta zagaye shi da almakashinta, ta miƙo mini sabon fakin. Ya zauna daram. Na shimfiɗa takarda a ƙasa muka zuba ido, ko ɗigo ɗaya bai sauka ba.

A bugu na tara babur ya tashi. Hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse, Baba yana dariya yana tari. Rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin ya faɗi.

Na kashe, na kama kan babur na tura zuwa ƙofa. Sai ji na yi ƙum. Na ja baya, na karkata, na sake gwadawa. Hannuwan babur sun fi ƙofar faɗi da kusan tafi guda, alhali ta nan ya shiga, ni na tura shi da kaina.

Baba ya taso da sandarsa, ya shafa gefen ƙofar. Bangon ƙasa ne, kowace shekara ana yi masa sabon yaɓe kafin ruwa ya sauka. Amma yaɓen bakin ƙofar nan ya fi na ko'ina kauri, hawa a kan hawa, kuma ba aikin magini ba ne. Sawun yatsu ne ƙanana, reras daga sama har ƙasa. Muka waiga. Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa, kanta a sunkuye.

Raina ya ɓaci, yini guda na sha warin fetur. Na rage murya na ce, "Baba, noti huɗu ne. In na kwance kan, yanzu zai fita."

"Na sani. Ni na ɗaure su."

Ya sa yatsunsa a cikin sawun nata, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Mayar da shi. Ka rufe mai da kyau."

Washegari a motar haya na kai shi gonar. Daga nan kowace Juma'a bayan an sauko masallaci yakan shiga ɗakin, in tayar masa, ya zauna a kai ya murza na ɗan lokaci. Inna takan yi mitar hayaƙi, amma ita ke tuna mini in sayo fetur.

Shekara huɗu aka yi haka, Allah ya yi masa rasuwa a kan gadonsa, tana riƙe da hannunsa. Ranar da ta fita takaba ta kira ni ƙofar ɗakin. Na ɗauko sifanar kwance noti, ta girgiza kai, ta miƙo mini fartanya.

"Kai, ba kan babur ɗin za ka kwance ba. Ni na tare hanyar. Buɗe masa."

Na ɗaga fartanyar, na ga sawun yatsun nan, hannuna ya ƙi sauka. Sai ta karɓa, ta yi saran farko da kanta.