Takaba a Aji Shida

A kusurwar allon aji shida, can ƙasa inda hannun mai zaune zai kai, akwai 'yan layuka da aka ja da guntun alli, biyar-biyar. Ranar da kwamitin makaranta ya zagaya duba azuzuwa, mutum bakwai suka shiga ɗakin. Maza suka ɗaga kai suna duban silin da hayaƙi ya baƙanta. Inna Lantana kaɗai ta ga layukan, ta dubi matar da ke zaune a gindinsu a lulluɓe, ba kwalli ba ɗan kunne, ta gane. Kwanakin takaba ake lissafawa.

Ita Lantana ba ta taɓa zama a aji ba. A wani ƙauye gefen Garbadu aka haife ta, aure ya kawo ta Mafara, mijin ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da ɗaki biyu. Shekara ashirin da ɗaya tana soya ƙosai a ƙofar wannan firamare. Ta san yaron da ya fito gida bai karya ba, ta san yarinyar da aka cire da dalilin cire ta. Da aka ce kwamitin kula da makaranta sai da wakiliyar mata, hedimasta Malam Jafaru ya leƙa ƙofa ya ce ai ga ta nan. Shekara shida tana zuwa taro, ta zauna a ƙarshen benci, ta dangwala yatsa a takardar halarta, ta koma bakin kaskonta. In an nemi ra'ayinta sai ta ce, "Yadda kunka gani."

A ƙarshen rani 'yan bindiga suka tashi wani ƙauye ta wajen Gidan Goga. Mutanen suka iso a bayan motar hatsi, kwamiti ya buɗe musu azuzuwa uku. Sannu a hankali wasu suka sami dangi, wasu suka koma. Saura aji shida, inda Adama, mai takabar nan, take da uwar mijinta da 'ya'ya biyar. A gona aka harbe mijin, ko jana'izarsa ba ta tsaya gani ba.

Su kuwa 'yan ajin, su tamanin da ɗoriya, a gindin darbejiya suke karatu. Ga damina ta faɗi.

Bayan zagayen aka zauna a ofishin hedimasta.

"Shekaranjiya tun ƙarfe tara ruwa ya kore su," in ji Malam Jafaru. "Jarrabawar fita saura mako biyar. Ni dai na faɗa."

Shugaban kwamiti, Alhaji Hayatu, ya ce to a ba matar kwana uku. Sai aka ji murya daga ƙarshen benci.

"Alhaji, a yi mini aikin gafara. Matar ga takaba take. Saura mata kwana arba'in da ɗaya. Mai takaba ba ta sauya ɗaki."

"Ikon Allah! Malam Jafaru, rubuta kwanan wata, yau Inna ta yi magana."

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Liman ya gyara zama ya ce maganar Inna gaskiya ce, sai dai shari'a ta yi rangwame in akwai lalura, kuma wannan lalura ce. Alhaji ya ce wa ke da wani wuri? Ɗakin ajiyar kaya iska ta yaye masa kwano tun bara.

Lantana ta sunkuyar da kai. Shekaranjiyar da ake faɗa, a rumfarta yaran suka cunkusu, ita ta shanya littattafansu a gefen murhu suna manne da juna. Ta san iyayen da ke jiran yarinya ta faɗi jarrabawa su ce shi ke nan, boko ya ƙare. Da aka ce a ɗaga hannu, nata ne na ƙarshe, amma ta ɗaga. Kuma da yake maza ba sa zama da mai takaba, ita aka tura ta kai wa Adama saƙon.

Ta yi sallama ta zauna a bakin tabarma. Suka gaisa, ta yi mata ya haƙuri, ta gaida tsohuwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ta ja gaisuwar har ta rasa abin tambaya, sannan ta faɗa, kuma ba ta ɓoye cewa da hannunta a ciki ba.

Adama ta murza bakin mayafinta.

"Inna, can ba a bar ni na zauna ɗakinai ba. Na ce to inda Allah ya aje ni, nan zan cika mishi takabar. Shi kaɗai ya rage da zan yi mishi."

"Ki taho wurina, ɗiyata. Ni na kwana zaure."

"Mu bakwai ne, Inna. Ke da surukarki da jikoki, ɗaki biyu." Ta girgiza kai. "Ina da kawu a Bakura. Allah ya sa yana nan."

Ba ta jira kwana ukun ba. Washegari da hantsi suka fito, Lantana ta ɗauki tukunya da tabarmi a ka har tasha. Ta tsaya har motar ta cika. Adama ba ta waiwayo ba, kuma Lantana ba ta ga laifinta ba.

Da ta dawo, ta tarar Malam Jafaru ya sa yara sun fara mayar da benci aji shida. Ta ce su dakata. Ta ari tsintsiya a ofis, ta ɗaure zane, ta yayyafa ruwa, ta fara shara daga lungun da tsohuwar take kwanciya.