Motar da Ke Mutuwa a Gindin Maɗaci

Na ajiye safana na bar kanikanci da daɗewa, amma har gobe ban manta da ranar Larabar da na bi Habu cikin dajin Falgore ba. Ku da kuke ganin ba a gyara mota sai an jona mata kwamfuta, ku matso ku ji. A lokacin ni ne babban bakanike a ɓangaren injin gas na garejinmu a Tudun Wada. Ƙa'idarmu ita ce, duk motar da ta dawo sau biyu da ciwo iri ɗaya, to ta bar hannun kowa ta dawo hannuna.

Motar wata ƙatuwar a-kori-kura ce mai shan gas, irin wadda ke jigilar taki da masara tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Ta wani Sale ce, mutumin wani ƙauye kusa da Ɗansoshiya. A farkon damina suna tafe shi da ƙaninsa Habu, sun ƙetare gada sun fara hawan tudu, sai Sale ya dafe ƙirji. Ya faka a gindin wani maɗaci, ya kwanta a cinyar Habu, bai ƙara tashi ba. Daga su biyu sai Allah a wurin.

Bayan sadakar arba'in Habu ya karɓi tuƙi. Fitarsa ta farko, motar tana isa gindin maɗacin nan sai ta mutu. Fita ta biyu haka, ta uku haka. Sai ta yi kamar rabin awa ba ta ko motsi, sannan a murɗa mukulli ta tashi kamar ba ita ba. A hanyar dawowa kuwa ko tari ba ta yi. To, kun san bakin mutane. Aka fara cewa motar shaida take bayarwa, wai tana nuna inda aka ci amanar mai ita. Maganar ta yi ta yawo har ta shiga gidansu, mahaifiyarsu Inna Dije ta daina amsa gaisuwar Habu.

Da ta zo hannuna na bi ta daki-daki. Injin gas in yana mutuwa a kan hanya, abin da ake fara tuhuma filta ce, don gas ɗinmu ba ya rabo da ruwa da datti. Na canza ta. Na bi tiyon mai tun daga tanki har famfo, ko akwai inda yake shan iska, babu. Na kwance nozul aka gwada, fes. Na duba wayar da ke buɗe wa famfo mai, na ɗaure kan batir, na leƙa lagireto ko zafi take yi. Na bar ta a kunne tun hantsi har la'asar, ita kuwa sai waƙarta take yi. Wallahi na ji haushi, don ni mota ba ta cika raina mini wayo ba.

Habu ya same ni ina wanke hannu. Saurayi ne dogo, amma ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ce, “Baba Lawan, don Allah ka ce famfo ne. Ko ba shi ba ne, ka ce shi ne, in je in faɗa a gida.”

Na ce, “Ni ba na yi wa mota ƙarya. Kuma in na ce famfo ne, gobe ta sake tsayawa a wurin fa? Ka yi lodinka yadda ka saba, ranar Laraba tare za mu tafi.”

Da safe muka tsaya gidan mai ya cika tanki har baki. Ya ce haka Yaya Sale yake yi kullum kafin ya shiga daji. Muka kama hanya, hadari ya rufe rana, ciyawa ta yi tsawo a gefen kwalta. Na kasa kunne ga injin, lafiyarsa ƙalau. Muna ƙetare gadar sai na ji ƙarfinta ya fara raguwa. Habu ya sauke giya, ya take totur har ƙasa. Ta ja, ta ja, ta yi shiru, ta gangara gefe a hankali. Na ɗaga kai na ga rassan maɗaci a saman gilashi.

Babu mota gaba, babu baya, ko kukan tsuntsu babu. Muna zaune sai muka ji ƙwam! daga bayanmu, kamar an buga gangar ƙarfe daga cikinta. Can kuma sai wani nishi mai tsawo, siriri, yana ɗaukewa yana dawowa.

Habu ya ƙanƙame sitiyari, hawaye na zuba. Ya ce, “Ka ji ko? Haka ya yi numfashi a cinyata. Wallahi Baba ban yi masa komai ba.”

Ba zan ɓoye muku ba, na tsorata. Na karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Wani makiyayi ya fito daga daji da shanunsa, yana hango mu ya karkata da su nesa. Daga can ya ɗaga sanda ya ce, “Sannunku. Motar mai gawa ce ko? Allah ya kiyaye.” Ya wuce bai waiwayo ba. Shekaruna sama da talatin a ƙarƙashin mota, amma ran nan na ji ina son in sauka in kama hanyar gida da ƙafa.

Abin da ya hana ni, kunya ce kawai. Na ce a raina, Lawan, mutum ya kawo ka ka duba mota, to duba motar. Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashinta, na bi nishin da kunnena har ya kai ni tanki. Sai na ga jikin tankin ya lotsa ciki, kamar gwangwanin madara da aka tsotse. Na fito na kama murfin tanki, ya ƙi buɗuwa sai da na sa hannu biyu. Yana buɗewa iska ta faɗa ciki da wani irin shuuu, tankin ya yi ƙwam ya koma daidai. Nishin ya tsaya.

Ga abin da ke faruwa. Tanki ma numfashi yake yi. In famfo ya zuƙi mai, dole iska ta shiga ta cike gurbin, ta wani ɗan siririn tiyo da ke gefen wuyan tanki. In tiyon nan ya toshe, kuma tanki cike yake har baki, tafiya kaɗan za a yi famfo ya kasa janyo mai. In an jira, iska ta sulala a hankali, mota ta tashi. A dawowa mai ya ragu, akwai fili a tanki, shi ya sa ba ta tsayawa.

Na bi tiyon da hannu har bakinsa, a can bayan taya inda ido ba ya kaiwa. Na ɗauka zanzaro ne ya yi gini a ciki, don ya saba yi mana haka in mota ta daɗe a ajiye. Na sa filaya na ja. Abin da ya fito laya ce, 'yar ƙarama kamar ƙaramin yatsa, fatar ta sha ruwan damina ta kumbura ta cika tiyon tam.

Habu ya karɓa yana juya ta. Ya daɗe yana kallon ɗinkin, sannan ya ce, “Ɗinkin Inna ne.”

Ba mu je Doguwa ba. Da lodinmu muka juya, azahar ta yi mana a ƙauyensu. Aka yi mini iso, muka tarar da tsohuwa a kan tabarma tana tsince wake. Na gaishe ta ta amsa, Habu kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Na ajiye layar a gabanta.

Ta ce, “Ni na sa. Safiyar da Habu zai fara fita da motar na lallaɓa na nemi inda masu wanke mota ba za su gani ba. Na rasa ɗaya a cikinta, na ce kada in rasa biyu.”

Na yi mata bayani a hankali, yadda na yi muku. Har na ɗauka ba ta gane ba. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ta ce, “Wato da hannuna na sa aka ce ɗana ya kashe ɗana. Har ni ma na fara yarda.”

Habu ya durƙusa a gefen tabarma ya ce, “Inna, ina wuni?”

Ta kamo hannunsa ta ce, “Lafiya lau, Auta. Lafiya lau.” Na tashi na bar musu gidan, don ni ma idona ya cika.

Abin da na koya ran nan, in mota ta gagare ku, kada ku tsaya ga ƙarfe kawai. Ku tambayi wa ya taɓa ta, har da waɗanda suka taɓa ta don ƙauna. Kuma kada ku yi wa mai mota ƙarya don ku sanyaya masa rai, wani lokaci mutuncinsa ne a cikin tiyon da kuka raina. Na san abin da ya sa take mutuwa, zan iya zana muku shi a ƙasa. Amma abin da ya sa ba ta mutu taku ɗari gaba ko baya ba, sai a gindin bishiyar nan daidai, wannan kada ku tambaye ni. Har yau in na zo wucewa ta wurin, nakan rage gudu in yi wa Sale addu'a.